Shirya Tafiya da Waya: Tambayoyi da Amsoshi kan Amfanin Manhajoji da Inda Suke Ba da Kunya

Waya ɗaya yanzu tana neman jirgi, ta kama ɗaki, ta nuna hanya, ta fassara allon sanarwa, ta kuma biya kuɗi. Gwanintarta tana wajen bincike da kwatantawa. Rauninta yakan fito ne ranar da abu ya lalace, aka fara tambayar wa ya karɓi kuɗin, wa kuma zai ɗauki nauyi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matafiya suka fi maimaitawa.

Manhajojin neman tikiti suna nuna farashi mafi sauƙi da gaske?

Sau da yawa suna nunawa. Amma a fara sanin cewa Google Flights da Skyscanner da Kayak masu tattaro farashi ne daga kamfanonin jirage da dillalan intanet, idan ka zaɓa sai su tura ka wurin mai sayarwa. Amfaninsu mafi girma shi ne kalandar da ke jera farashin kwanakin wata gaba ɗaya, da saƙon da suke aikowa idan kuɗin hanyar da ka sa wa ido ya motsa. Wanda zai iya ɗaga tafiyarsa da kwana ɗaya ko biyu shi ya fi cin moriyarsu.

Abu biyu suke ɓoyewa. Ba kowane kamfani ke bayyana a kowace manhaja ba, don haka a duba aƙalla biyu. Sannan farashin farko da ka gani yawanci na tikiti ne tsura: babu babbar jaka, babu zaɓen kujera, babu damar canza rana. Kafin ka kwatanta jirage biyu, ka ɗora wa kowanne kuɗin kayan da za ka ɗauka. A nan ne mai araha yakan koma mai tsada.

Na ga farashi, na danna, sai ya tashi. Sa mini ido suke yi?

Dalilin da ya fi yawa bai kai haka ban tsoro ba. Kujerun kowane aji a jirgi an kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa da farashinsa, kamar Y ko M ko Q. Idan kujerun rukuni mai sauƙi suka ƙare, na sama da shi ne zai fito. Manhajar bincike kuma takan riƙe farashin da ta gani ɗazu, ba ta sake tambayar kamfanin sai ka danna. Tsakanin ɗazu da yanzu wani ya riga ka.

Akwai abin da wannan tsari ke jawowa wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Idan ka nemi kujera huɗu alhali biyu suka rage a rukuni mai sauƙi, za a ba ka duka huɗun a farashin rukunin sama. Gwada neman mutum ɗaya tukuna ka ga bambancin. Idan yana da yawa, ana iya raba sayen gida biyu, sai dai kowane kashi zai sami lambarsa dabam, kuma idan an soke jirgin kamfani yana iya sa su a jirage dabam-dabam. Kada a raba yaro da babban da ke tare da shi.

A shafin kamfanin jirgi zan saya, ko wurin dillalin intanet da ya fi sauƙi?

Shawararmu: yi bincike a manhaja, ka saya wurin kamfanin, sai idan bambancin kuɗin yana da girma ƙwarai.

Muddin tafiya ta tafi daidai, tikitin dillali da na kamfani duk ɗaya ne. Bambancin yana fitowa idan aka canza lokacin tashi, ko aka soke jirgi, ko kai kake son ɗaga rana. Kamfanin zai ce ka koma wurin wanda ya sayar maka, dillali ya ce yana jiran amsar kamfani, kai kuma kana tsakiya lokaci na ƙurewa. Kuɗin da za a mayar ma ta hannun dillalin zai biyo, wani ya cire ladansa. Saƙon canjin lokaci yakan tafi adireshin imel ɗin da ke cikin rajistar, wanda a wasu lokuta na dillalin ne. Ko dokar Amurka da ta ba mai saye awa 24 ya fasa ba tare da asara ba, idan ya saya aƙalla kwana 7 kafin tashi, kamfanonin jirage ta ɗaure. Ba ta tilasta wa dillalai ba, ko da yake wasu suna bin ta don ra'ayin kansu.

Idan ka saya wurin dillali, ka nemi lambobi biyu a ranar. Ta farko lambar rajista ce mai haruffa da alƙaluma 6, wadda ake kira PNR. Ta biyu lambar tikiti ce mai alƙaluma 13, ukun farko suna nuna kamfanin da ya fitar: 176 na Emirates, 235 na Turkish Airlines, 071 na Ethiopian Airlines, 125 na British Airways. PNR kaɗai ba ya nufin an biya kamfanin, yana iya zama an riƙe maka kujera ne kawai. Shiga shafin kamfanin jirgin da PNR da sunan mahaifi ko na iyali yadda aka rubuta, ka tabbatar lambar nan mai 13 ta fito, ka kuma sa imel da lambar wayarka idan shafin ya ba da dama. Lambar da dillali ya ba wa cinikinsa wani abu ne dabam, kamfanin jirgi bai san ta ba.

Manhaja ta haɗa mini jirage biyu na kamfanoni dabam a farashi mai daɗi. Ina tarkon yake?

Duba ko tikiti ɗaya ne ko biyu. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan.

A tikiti ɗaya, idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba, kuma yawanci kayanka suna wucewa da kansu har zangon ƙarshe. A tikiti biyu da manhaja ta liƙa, kamfani na biyu bai san da na farko ba. A wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba, tikitinka ya ƙone. Idan kuma tikitin na zuwa da dawowa ne, yawancin kamfanoni suna soke duk sauran zangunan da zarar ka rasa ɗaya, har da na komawa gida.

Ga abin da yada zango a tikiti biyu ke nufi idan kana da babbar jaka: ka sauka, ka bi layin jami'an shige da fice, ka jira kaya, ka fita, ka sake miƙa su kafin a rufe kanta, wanda a jiragen ƙasa da ƙasa yakan kasance kimanin awa ɗaya kafin tashi, ka sake bin binciken tsaro. Bin layin shige da fice yana nufin ka shiga ƙasar, wato kana bukatar izinin shigarta ko da awa uku za ka yi. Manhaja ba za ta hana ka saya don ba ka da wannan biza ba. Minti 90 ya isa a tikiti ɗaya a filaye da yawa. A tikiti biyu kuwa kada ka yarda da ƙasa da awa huɗu, idan jirgi na biyu mai nisan zango ne gara ma ka kwana.

Wasu dillalai suna ba da nasu lamunin idan haɗin ya tsinke. Karanta sharuɗɗan: yakan ƙunshi wa'adin da za ka sanar da su, kuma jirgin da suka zaɓa maka za ka bi.

Na yi kuskuren harafi a sunana. Matsala ce?

Tana iya zama. Kwafi sunan daga layuka biyu da ke ƙasan shafin hoton fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, domin su tsarin ke dubawa. A can babu ƙ ko ɗ ko ɓ, babu alamar ɗauri, haruffan A zuwa Z ne kawai. Kada ka bar waya ta cike maka gurbin da kanta, takan sa laƙabi ko ta juya suna. Gyaran harafi ɗaya ko biyu kamfanoni da yawa suna yi idan ka kira da wuri. Mayar da tikiti sunan wani mutum kuwa galibi ba a yi.

Wane kuskure ne manhaja ba za ta gargaɗe ni a kai ba?

Lokaci da wuri. Duk lokacin da ke jikin tikiti agogon filin da abin zai faru ne, tashi da agogon inda ka tashi, sauka da agogon inda ka sauka. Alamar +1 tana nufin washegari za ka isa. Jirgin 00:30 na ranar 10 yana nufin ka je fili da daren ranar 9, kuma mutane suna rasa jirgi kan wannan kullum. Ɗakin otal ma haka: idan za ka isa da asuba kana son ka kwanta nan take, daren da ya gabata za ka kama, ka kuma sanar da su za ka makara don kada su ba wa wani. Shafukan Amurka suna fara rubuta wata kafin rana, 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne.

Sunan birni kuma ba ya nufin fili yana cikin birnin. Filin Beauvais da ake sayarwa da sunan Paris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin, Hahn kuma ya haura kilomita 100 daga Frankfurt. Landan tana da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton, kuma manhaja tana iya saukar da kai a ɗaya ta tashe ka a wani. Duba haruffa ukun da ke gefen sunan, ka sa su a taswira kafin ka biya.

Zan iya dogara da manhaja kan maganar biza?

A'a. Bukatar biza ta danganta da fasfonka, da inda kake zaune, da inda za ka yada zango, da tsawon zamanka. Ma'aikacin da zai ba ka takardar shiga jirgi yana duba wani rumbun bayanai mai suna Timatic na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma akwai ɓangarensa da jama'a ke iya bincikawa a shafin IATA Travel Centre. Fara da shi, ka ƙarasa a shafin ofishin jakadancin ƙasar.

Kwanan fasfo ma yana kayar da mutane. Ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga dukansu, suna son fasfon da aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, wanda kuma zai ƙara wata 3 bayan ranar fitarka, sannan ziyara ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ƙasashe da dama wata 6 suke nema.

A kula da shafukan 'yan tsakiya. Idan ka rubuta sunan biza ta intanet a injin bincike, na saman jeri sau da yawa talla ne na kamfanonin da suka yi ado kamar gwamnati. Mafi dama-dama cikinsu zai cike maka fom ɗin da za ka iya cikewa da kanka, ya ninka maka kuɗi. Na banza kuwa zai tafi da kuɗin da bayanan fasfon. Bi mahaɗin da ke shafin ofishin jakadanci. Na gwamnatin Birtaniya yana ƙarewa da gov.uk, na Amurka da .gov.

Yaya zan karanta ra'ayoyin baƙi kan otal?

Bar makin da ke sama. Jera ra'ayoyin daga na kwanan nan, ka karanta na wata shida da suka wuce, domin otal yana canza mai shi amma tsohon makin ya zauna. Masu matsakaicin maki sun fi faɗin gaskiya, na can sama da na can ƙasa sukan zama zumuɗi ko fushi. Idan mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci ƙarar titi ko rashin ruwan zafi, ka yarda. Hotunan baƙi sun fi na otal amfani. Rubutun nan mai launi da ke cewa saura ɗaki ɗaya yawanci yana nufin ɗaki ɗaya a wannan farashin a wannan shafin.

Wajen biya, duba abu uku: ranar da damar fasawa kyauta ke ƙarewa, wadda yawanci da agogon garin otal ake lissafa ta, ko an haɗa harajin birni da kuɗin shara a jimillar, musamman a gidajen haya irin na Airbnb, da ko otal zai riƙe wani kuɗi a katinka ranar shiga. A katin cire kuɗi wannan riƙon yana taɓa ainihin kuɗinka, kuma sakinsa yana iya ɗaukar kwanaki. Kamfanonin hayar mota sun fi tsanani, da yawa ba sa karɓar komai sai katin bashi mai sunan direba.

Akwai damfarar da ta yaɗu: ɓarayi su shiga asusun otal a shafin kama ɗaki, su aiko maka saƙo ta cikin manhajar, ɗauke da sunanka da ranakun zuwanka daidai, wai katinka bai wuce ba, ka sake sa shi a wani mahaɗi cikin 'yan awanni. Kada ka danna. Nemo lambar otal ɗin daga shafinsa ka kira.

Taswira za ta yi aiki babu intanet?

Ɗigon da ke nuna inda kake daga tauraron GPS yake zuwa, ba ya bukatar data. Hoton titunan ne ke bukata, shi ya sa ake sauke yankin tun ana gida. A Google Maps, taswirar da aka sauke tana ba da hanyar mota, amma ba ta ba da ta ƙafa ko keke ko bas da jirgin ƙasa, kuma tana da wa'adin da sai an sabunta. Organic Maps, wadda ke amfani da bayanan OpenStreetMap, tana lissafa hanyar ƙafa babu intanet. Riƙe biyun ba ya cin wuri sosai. Bayan saukewa, kashe data da wayfai ka gwada neman otal ɗinka.

A Sin ayyukan Google a toshe suke, Amap da Baidu Maps ake amfani da su. A Koriya ta Kudu dokar fitar da bayanan taswira ta daɗe tana rage wa Google Maps ƙarfi, mazauna can Naver Map da KakaoMap suke buɗewa. Sauke su kafin ka tashi. Haka ma harshen ƙasar a manhajar fassara, don kamara ta iya karanta maka allo babu data. Lokutan buɗe wurare da ke jikin taswira kuwa kada a ɗauke su da ƙarfi a ranakun hutu.

Layin waya fa? Me ya sa banki ya daina aiko mini lambar tabbatarwa?

Saboda ka cire layin da banki ya sani. Kana ƙasar waje, kati ya nemi lamba, lambar ta tafi layin da ke cikin aljihun jaka. Mafita ita ce layin gida ya zauna a wayar, an buɗe masa damar aiki a waje, an kashe masa data don kada ya cinye kuɗi, intanet kuma ta fito daga layi na biyu. Inda banki ko imel suka yarda, mayar da tabbatarwa zuwa manhaja tun kafin tafiya.

Layi na biyun yana iya zama eSIM, wanda ake saya ta intanet ba tare da kati ba. iPhone tana ɗaukarsa tun daga XS na 2018, haka wayoyin Android da yawa, amma sai wayar ba a kulle take da wani kamfani ba. Sa shi yana bukatar intanet, don haka a yi a gida. Yawancinsu data ce kawai babu lambar kira, lambar QR ɗin sau ɗaya take aiki, idan ka goge shi ya tafi. Duba ko kwanakin suna fara ƙirguwa daga ranar sawa ne ko ranar da ya kama sabis a can.

Na'urar biya ta tambaye ni kuɗin ƙasata ko na ƙasar da nake. Wanne?

Na ƙasar da kake. Idan ka zaɓi naka, mai na'urar ne zai yi canjin a farashin da ya yanka, kuma kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Haka yake a injin cire kuɗi da shafukan tikiti.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su iya tsara mini tafiya gaba ɗaya?

Suna da kyau wajen zana tsarin farko: wace unguwa ke kusa da wace, me zai shiga kwana uku, me ya kamata a tambaya. Suna kasawa a daidai abin da ke canzawa, wato farashi da lokutan buɗewa da jadawalin jiragen ƙasa da dokar shiga ƙasa. Suna iya ambata gidan tarihi da aka rufe, ko su cusa wurare shida a yini ɗaya kamar babu layi babu gajiya, kuma da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure. Ko na kamfanoni ba su tsira ba: a Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta sa Air Canada biyan wani fasinja, bayan manhajar hirar da ke shafin kamfanin ta ba shi bayanin rangwame da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin. Abin da ya taimake shi hoton hirar ne da ya ajiye. Duk alkawarin da aka yi maka a irin wannan hira, ɗauki hoton allon tare da kwanan wata.

Jirgi ya makara ko an soke shi. Me waya za ta yi mini?

A nan ne waya take nuna amfaninta. Manhajar kamfanin takan nuna canjin ƙofa ko sokewa kafin a sanar a lasifika, kuma sau da yawa kana iya zaɓar wani jirgi a cikinta yayin da wasu ke layi. Shiga layin duk da haka, ka ci gaba da gwadawa a waya. A Flightradar24 ko FlightAware kana iya ganin inda jirgin da zai ɗauke ku yake. Idan bai taso daga can ba, ka san allon fili yana lallashinku ne.

Maganar diyya ta danganta da inda aka tashi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, da wanda ya shigo idan kamfanin na Tarayyar ne. Isa da jinkirin awa 3 ko fiye yana jawo Yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisa, iyakokin su ne kilomita 1,500 da 3,500, sai idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Nema ta shafin kamfanin kyauta ne, masu nema a madadinka suna yankar kaso mai tsoka. Idan kaya ne ba su fito ba, cike takardar rahoto a kantar kaya kafin ka bar fili, ka riƙe ɗan tambarin da aka liƙa maka. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, kayan da suka lalace kwana 7 kake da shi ka rubuta ƙorafi, waɗanda ba su zo ba kuma bayan kwana 21 ana ɗaukarsu ɓatattu.

Har yanzu akwai bukatar takarda?

Akwai, ko da yake IATA ta daina tikitin takarda tun 2008, Ryanair ma ta koma takardar shiga jirgi ta waya daga Nuwamban 2025. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da miliyoyin kwamfutoci masu Windows, aka soke dubban jirage, wasu filaye suka koma rubuta takardar shiga da hannu. Ba sai an kai nan ba ma: batir ya mutu, allo ya fashe, ko manhaja ta fitar da kai ta nemi kalmar sirri a wurin da babu sabis.

Shafi ɗaya ya isa: PNR, lambar tikiti, adireshin masauki da rubutun ƙasar, lambar inshora, lambar da za a kira a toshe kati, da ta wani na gida. Haɗa da kwafin fasfo da biza da shaidar komawa, domin jami'in kan iyaka yana iya nema, wasu wuraren kuma ba a yarda a taɓa waya a gabansu. Takardar shiga jirgi a ɗauki hotonta da zarar ta fito, kada a dogara da buɗe manhaja a bakin ƙofa.

Fawa banki a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi cikin kayan da za a miƙa. Har 100 Wh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) ba a neman izini, daga 100 zuwa 160 sai kamfani ya amince. Lissafin shi ne adadin mAh da ke rubuce a jikinsa sau volt ɗin batir, wanda yawanci 3.7 ne, a raba da 1,000: mai 20,000 mAh ya kama 74 Wh, mai 30,000 kuwa 111, ya haura iyaka. A 2025 wasu kamfanoni, ciki har da Singapore Airlines da Emirates, sun hana caji da shi a cikin jirgi, don haka a cika wayar kafin a kira fasinjoji. Idan rubutun da ke nuna ƙarfinsa ya goge, masu binciken tsaro suna iya karɓe shi.